Faransa da 'ya'yan wiwi: dokar da ke bin suna kullum a baya take

Akwai wata magana da na ji daga bakin wani matashi ɗan Nijar da ke karatu a Faransa, kuma ta tsaya mini a rai. Ana hira kan alawar nan mai danƙo da ake sayarwa a shagunan CBD, wato masu sayar da kayan da aka yi da wani sinadarin wiwi da ba ya sa maye, sai ya ce mini, "Yaya, ai wannan ba wiwi ba ce. A shago na saye ta, da rasit ɗina, gwamnati ma ta karɓi harajinta." Yaron nan mai natsuwa ne, bai taɓa tsayawa wurin dila a lungu ba. Ya ɗauka kawai cewa a ƙasa mai doka irin Faransa, duk abin da aka jera a kanta to wani jami'i ya duba shi kafin a jera. Babu wanda ya duba.

Ga matsayina tun da wuri. Faransa ta yi daidai da ta haramta HHC, sinadarin maye da ake haɗawa daga shukar wiwi ana zubawa a irin alawar nan, da 'yan'uwansa, amma hanyar da take bi ba za ta kai ta ko'ina ba. Tana jira sai sinadari ya shiga kasuwa, ya kwantar da mutane a asibiti, sannan ta rubuta sunansa a jerin haramtattu. Kafin tawada ta bushe an fito da wani. Abin da ya kamata doka ta tambaya shi ne ko abin yana sa maye, kuma ko an tabbatar da lafiyarsa kafin a sayar. Wanda yake son sayarwa shi ya kamata ya kawo hujja, tun kafin kayan su hau kanta.

Yadda ƙofar ta buɗe

Shukar wiwi iri-iri ce. Akwai wadda ake nomawa don zare da iri, Faransawa na ce mata chanvre, kuma sinadarin maye na THC da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai. Faransa ce kan gaba a noman ta a duk Turai, musamman a yankin Aube inda birnin Troyes yake. Ana yin takarda da ita, da kayan gini, da shimfiɗar dabbobi, da man girki. Wannan noma halal ne a dokarsu muddin THC bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba.

Cikin furen wannan shuka akwai wani sinadari, CBD, wanda ba ya sa maye. A kansa ne aka fara rigima. Wasu mutum biyu sun sayar da sigarin lantarki mai suna Kanavape, wanda aka zuba masa man CBD da aka yi a Jamhuriyar Czech, kotu a Marseille ta same su da laifi. Shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke hukunci ranar 19 ga Nuwamba 2020 cewa CBD ba ya cikin miyagun ƙwayoyi, kuma Faransa ba ta da ikon hana shigo da wanda aka yi bisa doka a wata ƙasar tarayyar. Gwamnati ba ta haƙura ba. A ƙarshen Disamba 2021 ta fitar da umarnin hana sayar da fure da ganyen shukar. Conseil d'État, babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati, ta dakatar da hanin a Janairu 2022, ta kuma soke shi ranar 29 ga Disamba 2022.

Ku dubi shekarun nan da kyau. A daidai lokacin da lauyoyin gwamnati ke ɓata ƙarfinsu kan furen da ba ya bugarwa, HHC mai bugarwa yana shigowa ta bayan gida. An fara ba da rahoton sa a Turai a Mayu 2022, daga Denmark. Sai ranar 13 ga Yuni 2023 hukumar magunguna ta Faransa, ANSM, ta sa shi cikin haramtattu tare da 'yan'uwansa HHC-O da HHCP. A tsakanin nan an sayar da shi a shagunan CBD, da wasu shagunan taba, da intanet, ga duk wanda ya miƙa kuɗi.

"Ai ganye ne, halittar Allah"

Wannan ita ce hujjar farko da za ka ji, kuma ita ce mafi rauni. Gaskiya ne ana iya samun ɗan burbushin HHC a shukar, amma bai kai a tara shi a sayar ba. Wanda ke kasuwa a ɗakin haɗa sinadarai ake yin sa. Ana tatso CBD daga wiwin zare, a dafa shi da asid har ya rikiɗe ya koma nau'o'in THC, sannan a tura masa iskar haidurojin tare da wani ƙarfe mai hanzarta aiki, irin su faladiyom. Abin da ya fito shi ne HHC. Masanin sinadarai na Amurka Roger Adams ya haɗa shi tun 1940, ya zauna a takardun masana shekaru da yawa babu mai kula shi.

Kuɗi ne suka tashe shi. A 2018 Amurka ta halatta noman wiwin zare a dokar gona, manoma suka yi rububi, CBD ya yi yawa har farashinsa ya faɗi ƙasa warwas. Masu tarin hajar da ta ƙi sayuwa suka nemi mafita, sai suka gano cewa da ɗan aikin sinadari ana iya mayar da abin da ba ya sa maye ya koma mai sa maye, kuma sunansa ba ya cikin kowace doka. Da haka delta-8, wani nau'in THC, ya fara cika Amurka, HHC ya biyo baya, daga nan ya tsallako Turai.

In ka riƙe furen da aka sayar da sunan HHC, ainihin furen CBD ne da aka fesa wa sinadarin. Yana da danƙo a yatsa, yana ƙyalli fiye da kima, kuma feshin ba ya kama ko'ina daidai: wani ƙulli ya sha da yawa, na kusa da shi kusan babu. A ledar za ka ga hoton ganye kore shar, da rubutun cewa THC bai kai kashi 0.3 ba. Rubutun gaskiya ne, kuma da wannan gaskiyar ake yaudarar mai saye, domin abin da zai bugar da shi ba THC ba ne. Wasu ma suna ƙara wani ƙaramin layi a ƙasa cewa kayan ba na sha ko ci ba ne, alhali ga ɗanɗanon mangwaro ko lemo an rubuta da manyan baƙaƙe a sama. Duk wanda ya tsara leda haka ya san abin da yake yi.

Babu kuma mai ba ka tabbacin cewa an tace asid ɗin da ƙarfen da aka yi aiki da su. Maganin ciwon kai ma ba a yarda a sayar da shi a Faransa sai an bi diddigin masana'antar da ta yi shi, amma abin da yaro zai zuƙa cikin huhunsa ya shigo a kwali ba tare da kowa ya tambayi inda aka dafa shi ba.

Ihu bayan hari

Masu kare gwamnati za su ce ai an ɗauki mataki, kuma cikin shekara guda, wanda a ma'aunin ofisoshi sauri ne. To me ya biyo baya? Makonni kaɗan bayan hana HHC, kantocin suka cika da sababbin sinadarai irin su H4-CBD da THCP da HHCPO. Shi THCP masu bincike a Italiya ne suka bayyana shi a 2019, kuma a gwajin ɗakin bincike ya nuna yana manne wa masu karɓar saƙo na ƙwaƙwalwa fiye da THC sau talatin da wani abu. Wato an kori abu mai ƙarfi, an bar fili ga wanda ya fi shi. Sai ranar 3 ga Yuni 2024 sabon hani ya fara aiki a kan waɗannan. Shekara guda kenan kuma ta sayarwa a fili.

Abin ya yi kama da mai toshe ramin gafiya da dare, da safe ya tarar ta ɓullo ta bayan rumbu. Mai haɗa sinadari yana buƙatar 'yan makonni ne ya ƙara ko ya rage wani ɗan reshe a jikin ƙwayar sinadarin, ya ba shi sababbin haruffa. Hukuma kuwa sai ta tara rahotannin cibiyoyin guba, ta kira kwamitin masana, ta rubuta, ta buga. A tseren nan an san wanda zai ci tun ba a fara ba.

Dole a faɗi cewa hukuncin 2024 ya fi na 2023 hankali, domin ya kama dangi guda na sinadarai masu ƙashin baya iri ɗaya, maimakon sunaye uku kacal. Amma dangi ma iyaka gare shi, kuma aikin masu wannan sana'a shi ne neman inda iyakar ta tsaya su kafa shago taku ɗaya a bayanta. Majalisar Ɗinkin Duniya ma sai a Maris 2025 hukumarta ta miyagun ƙwayoyi ta sa HHC cikin yarjejeniyar 1971 ta sinadarai masu taɓa ƙwaƙwalwa, lokacin da kasuwa ta daɗe da wucewa gaba.

Mu da muka taso da fiƙihu ba baƙuwar ƙa'ida ba ce a wurinmu cewa duk abin da ke sa maye haramun ne, ko da me aka yi shi, ko wane suna aka raɗa masa. Faransa ba da fiƙihu take mulki ba, kuma giya halal ce a dokarta. Amma hikimar auna abu da aikinsa a jikin mutum hikima ce da kowane mai rubuta doka zai amfana da ita.

"To a haramta komai a huta"

Wasu iyaye, kuma na fahimci zafin zuciyarsu, suna cewa a rufe shagunan CBD gaba ɗaya, a hana furen, a kashe maganar. Italiya ta bi wannan hanya a Afrilu 2025, lokacin da gwamnatin Giorgia Meloni ta sa hana furen wiwin zare cikin dokar tsaro. Ban yarda da wannan ba. Manomin Aube da ke sayar da zare da iri bai yi wa kowa laifi ba. Dattijuwar da ke ɗiga man CBD a harshe da fatan samun barci, ko yana mata aiki ko ba ya yi, ba ta bugu ba, ba ta tare wa kowa hanya ba. Hukunta waɗannan saboda laifin masu fesa sinadari zalunci ne, kuma kotunan Faransa da ta Turai sun riga sun nuna cewa irin wannan hani ba ya tsayuwa a gaban alƙali idan babu hujjar cutarwa.

Layin da ya kamata a ja a bayyane yake. Abin da shuka ta haifar da kanta kuma ba ya sa maye, a bar shi, a sa masa ƙa'idar tsafta da ta rubutun leda. Abin da aka rikiɗa da asid ko haidurojin don ya bugar, kada ya hau kanta sai mai shi ya kai shi gaban hukuma da sakamakon gwaji. Turai ma tana da irin wannan tsari a kan sababbin nau'o'in abinci: ba ka sayarwa sai an ba ka izini. Tun 2019 aka sa CBD na ci a wannan rukuni, kuma a 2022 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce bayanan da ke hannunta ba su isa ta tabbatar da lafiyarsa ba. Idan CBD mara maye yana jiran izini a takarda, da wane dalili alawar HHC ta yi shekara tana yawo? Dokar tana nan, aiwatar da ita ne aka yi wa riƙon sakainar kashi.

"Za ku kora su lungu ne kawai"

Wannan hujja ce mai nauyi, ba zan yi mata gaggawa ba. Birtaniya ta gwada abin da ya yi kusa da wanda nake kira a kai. A 2016 ta kafa dokar da ta haramta sayar da duk wani abu mai taɓa ƙwaƙwalwa, ta cire giya da taba da kofi da magunguna. Shagunan da ke sayar da irin waɗannan kaya sun rufe. Amma sinadarin da ake kira Spice bai ɓace ba, ya koma hannun dillalan titi, ya addabi marasa gida da fursunoni. A Najeriya ma mun ga makamancin haka bayan hana maganin tari mai kodin a 2018: kwalabe sun yi wuya, masu sha da yawa suka koma wasu abubuwan.

Na yarda hani ba ya kashe ƙishirwa. Amma a duba su waye ke sayen alawar nan a shago. Da yawansu mutane ne irin matashin da ba zai taɓa zuwa lungu ba, wanda kantar shago da rasit suka gaya masa cewa babu haɗari. Shi hani yana kare shi, domin ba neman maye ta kowace hanya ya fito yi ba. Akwai kuma yara. A farkon 2024 a yankin Karlovy Vary na Jamhuriyar Czech an kai yara asibiti bayan sun ci alawar HHC, abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta hana shi a Maris na shekarar. Dilan lungu duk sharrinsa ba ya jera hajarsa kusa da cingam a ledar da ke da hoton 'ya'yan itace.

Shi kuwa wanda ya riga ya kamu, maganarsa daban ce, kuma a nan Faransa tana da tambayar da take gudu. Dokarta ta 1970 tana cikin masu tsanani a Turai: shan ƙwaya na iya jawo ɗaurin shekara guda da tarar Yuro 3,750, kuma a 2020 aka ba 'yan sanda damar yanka tarar Yuro 200 nan take. Duk da haka Faransawa na cikin waɗanda suka fi kowa shan wiwi a nahiyar. Jamus ta ɗauki wata hanya a Afrilu 2024, ta ba manya damar riƙe ɗan adadi da shuka 'yan tsirarai a gida, sannan a shekarar ta hana HHC. Ni ba mai goyon bayan halatta wiwi ba ne. Sai dai ina ganin Jamusawa sun gane abu ɗaya: shukar da aka yi shekaru ana nazarinta da sinadarin da aka dafa jiya ba matsala ɗaya ba ce, kuma na biyun ya fi buƙatar gaggawa.

Czech ɗin ma, bayan abin da ya faru da yaran, sun kafa wani rukuni na uku a dokarsu daga 2025, tsakanin halal da haram. Abubuwan da aka auna aka ga haɗarinsu kaɗan ne ana sayar wa manya kawai, a shaguna masu lasisi, ba talla, ba kamannin alawa. Sabon sinadarin da ba a san shi ba kuwa ana iya dakatar da sayar da shi har a gama bincike. Wannan dakatarwar ita ce abin da Faransa ta rasa a 2022 da 2023.

Babba da kuɗinsa

Sai masu cewa mutum baligi yana da 'yancin zuba wa jikinsa abin da ya ga dama, tunda ga giya nan ana sayarwa a kowane kanti. Mai sayen giya ya san ƙarfinta, an rubuta a kwalba, kuma abin da aka rubuta shi ne a ciki. Mai sayen waɗannan kaya bai san komai ba. A 2025 hukumomin lafiya na Faransa sun yi gargaɗi cewa ana samun mutane suna sumewa, ko zuciya na bugawa da sauri, ko suna gane-gane, bayan sun sha abin da aka sayar musu da sunan CBD zalla, ashe an gauraya shi da wasu sinadarai ba a rubuta ba. Wanda aka ɓoye wa abin da ke cikin leda ba a ba shi zaɓi ba, don haka maganar 'yanci ba ta taso ba.

Wannan gaurayen kuma shi ke nuna cewa rubuta doka kaɗai ba ya wadatarwa. Sai jami'ai sun riƙa shiga shago ba sanarwa, su ɗauki samfur, su kai ɗakin gwaji, wanda aka kama da feshi a rufe shagonsa a bi sawun wanda ya kawo masa. Masu shagon CBD na gaskiya su ya kamata su fi kowa neman haka, domin sunansu ake ɓatawa.

Ga namu da ke can

Ɗalibanmu da masu aikin kai kaya da tuƙin haya a Faransa su ne suka fi saurin faɗawa wannan rami, domin baƙo yana auna halal da abin da ya gani a kanta. Ledar HHC da aka saya bisa doka a farkon Yuni 2023 ta zama ƙwaya a aljihun mai ita ranar 13 ga watan, ba tare da ta canza kala ba. Shafukan intanet na wasu ƙasashe har yanzu suna aiko da kaya ta gidan waya suna cewa halal ne, alhali dokar inda kake zaune ce za ta hau kanka. Baƙon da ke sabunta takardar zama kuwa ya san abin da tabon shari'ar ƙwaya zai iya jawo masa. Haka wanda zai sako irin waɗannan kaya a jaka ya nufo Yamai ko Kano da rasit ɗin Faransa, rasit ɗin ba zai yi masa magana a filin jirgi ba.

Ko CBD na gaskiya ma yana da tarko ga mai tuƙi. Ranar 21 ga Yuni 2023 Cour de cassation, kotun ƙoli ta Faransa a shari'o'in laifi, ta yanke cewa direban da aka samu burbushin THC a jikinsa ya yi laifin tuƙi bayan shan ƙwaya, ko da daga CBD na halal burbushin ya fito, kuma komai ƙanƙantarsa. Gwamnatin da ta yarda a sayar da fure mai kashi 0.3 ita ce kuma za ta karɓe lasisin direban da ya sha shi, kuma ba kowane mai shago ne zai gaya masa haka lokacin da yake miƙa masa canji ba.